Za a sayar da gonar da kakata ta raine ni a cikinta

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 34, ina da aure da 'ya'ya biyu. Tun ina 'yar shekara 3 aka kai ni wurin kakata ta wajen uwa, kuma a gidanta da ke cikin gonar danginmu na tashi har na kai shekara 15, lokacin da karatu ya raba ni da wurin. Har gobe ina ganinta a raina zaune a gindin babbar itaciyar da ke kusa da rijiya, tana tsince irin shuka, kaji suna kewaye da ita. Ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ban samu ganawa da ita ba, domin da aka gaya mini jikin ya yi tsanani sai na ce zan zo a ƙarshen mako, ita kuwa ta cika ranar Laraba. Yanzu kawunnaina uku sun yanke shawarar sayar da gonar a raba kuɗin, mahaifiyata kuma ta yi shiru ba ta ce komai ba. Na kira babban kawuna na gaya masa magana mai zafi, kuma tun daga ranar ba mu sake gaisawa ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne na fara manta muryarta. Duk lokacin da ruwan farko ya sauka na ji ƙamshin ƙasa sai kuka ya ƙwace mini, maigidana kuma yana cewa abin ya isa haka, tsohuwa ce ta ci zamaninta. Shin in ci bashi in sayi gonar? Ko kuwa akwai abin da ke damuna a kai?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan kakarki, ya sa ta huta, ke kuma ya ba ki dangana. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarki shi ne rashi uku ne kika ƙulle a wuri ɗaya: rashin tsohuwar da ta raine ki, wucewar ƙuruciyarki, da kuma gonar da ake shirin sayarwa. Biyun farko babu wanda ya isa ya dawo miki da su, kin kuma san da haka, shi ya sa duk ƙarfinki ya tattaru a kan na ukun, domin shi kaɗai ne ba a riga an sa masa hannu a takarda ba, shi kaɗai ne kuma yake da mutumin da za a iya kira a yi wa faɗa. Mutuwa ba ta da lambar waya, kawunki kuwa yana da ita. Ra'ayina shi ne abin da kike tsoron rasawa kaɗan ne daga cikinsa yake cikin ƙasar gonar, kuma mafi yawansa, wanda ya fi saurin salwanta, yana cikin kawunan mutanen da kika fara ɓatawa da su.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai sauƙin amsa, don haka da ita zan fara. Bisa ga abin da kika rubuta, ban ga alamar ciwo a tare da ke ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa baƙin cikin rashi matakai ne guda biyar da ake hawa ɗaya bayan ɗaya har a kai ga dangana, saboda haka wanda ya shekara biyu yana kuka sai a ce ya maƙale a hanya. Wannan magana ta samo asali ne daga Elisabeth Kübler-Ross, likitar ƙwaƙwalwa 'yar asalin Suwizalan da ta yi aiki a Shikago, wadda ta bayyana matakan a 1969, amma daga hirarrakinta da marasa lafiyar da ke fuskantar ajalinsu ta tsamo su, ba daga waɗanda aka mutu aka bari ba. Bayanin da ya fi kusa da abin da masu rashi ke gani a rayuwarsu shi ne wanda Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gabatar a 1999, inda suka nuna cewa mai makoki kai-kawo yake yi tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi kuka, wani lokaci ya fuskanci rayuwa ya tafi aiki ya yi dariya da 'ya'yansa, kuma wannan kai-kawon shi ne alamar lafiya. Ke kuma ga shi maganar sayar da gona ta zo ta fama miki ciwon da ya fara warkewa.

Akwai dai iyakar da ya kamata ki sani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta amince da cewa baƙin cikin rashi yana iya tsawaita ya zama larura, wato idan begen mamacin ya mamaye mutum na aƙalla wata 6, ya zarce abin da al'ummarsa ta saba gani, har ya hana shi gudanar da aikinsa da kula da iyalinsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuwa wata 12 ta ɗauka ga manya. Abin da ake dubawa shi ne ko rayuwa ta tsaya, ba yawan hawaye ba. Idan kika ga barci ya ƙaurace miki na makonni, abinci ya fita daga ranki, kula da yaran ya gagare ki, ko kuwa kin fara jin gara ki bi ta, to kada ki tsaya jiran amsar wata wasiƙa, ki ga likita.

Kukan da ruwan farko ke sa ki yana da dalilinsa a halittar ɗan Adam. Ƙamshin nan da ƙasa ke fitarwa idan ruwa ya taɓa ta bayan doguwar bushewa yana fitowa ne, galibi, daga wani sinadari mai suna jiyosmin, wanda wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin ƙasa suke samarwa, kuma hancin mutum yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska. Saƙon da hanci ke aikawa kuma yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin rai da ajiyar abin da ya wuce, ba ya bi ta zangon da saƙon ido da na kunne suke fara tsayawa. Shi ya sa ƙamshi kan jefa mutum cikin shekarun ƙuruciyarsa kafin ma ya gane abin da ya same shi. Ba raunin zuciya ba ne, kuma ba lallai ne ya daina ba. Abin da kan sauya da tafiyar shekaru shi ne ɗacin yana raguwa.

Game da maigidanki, ba na jin mugunta ce ta sa shi faɗin haka. Mutane sukan auna girman rashi da sunan dangantaka da kuma shekarun mamaci, sai su ji kalmar kaka su ji kalmar tsohuwa su rage nauyin abin. Wani masani Ba'amurke mai suna Kenneth Doka ya yi bayani a 1989 kan irin wannan baƙin ciki da jama'a ba sa ba mai shi izinin yi, don a ganinsu rashin bai kai ba. Matar da ta yi miki wanka, ta yi jinyarki, ta tashe ki da safe tun kina shekara 3 har kika kai 15, uwa ce a aikace. Ki gaya masa haka ƙarara a lokacin da ba kuka kike yi ba, ki kuma gaya masa abin da kike bukata daga gare shi, domin mutum da yawa idan ya ga hawayen da ba shi da maganinsu sai ya nemi a tsayar da su kawai.

Sai maganar ranar Laraba. Kina yi wa kanki hukunci ne da ilimin da ba ki da shi a lokacin da kika ce za ki zo ƙarshen mako. A shekarar 2000 Nicholas Christakis da Elizabeth Lamont sun wallafa wani bincike da suka yi a kan likitoci 343 da aka nemi su ƙiyasta sauran kwanakin marasa lafiya 468 da ke gab da mutuwa. Kashi 20 cikin ɗari ne kawai na ƙiyasin ya zo kusa da gaskiya, kuma kashi 63 cikin ɗari sun ɗauka mara lafiyar zai jima fiye da yadda ya jima. Idan likitocin da ke duba mara lafiya da idonsu suna irin wannan kuskure, ke da aka ba labari ta waya daga nesa ba ki da hanyar sanin cewa kwanaki uku sun yi yawa. Da kin sani da kin tafi, kuma ita da ta raine ki shekara 12 ta fi kowa sanin haka.

Yanzu ga gona, kuma a nan zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi miki daɗi ba. Gonar da kike tunawa gonar yarinya ce: inuwar itaciya, sanyin ruwan rijiya, kaji, tsohuwa tana tsince iri tana ba ki labari. Gonar da kawunnanki suke tunawa kuwa gonar masu aiki ce. Su ne suka sunkuya da fartanya cikin rana, su ne suka ga shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, shuka ta yi yaushi a tsaye, su ne wataƙila suka rasa kwanakin makaranta saboda girbi ba ya jira, kuma su ne suka san ko akwai bashin da aka ci a wata muguwar shekara. Dukan gonakin biyu gaskiya ne, kuma a fili ɗaya suke. Abin da ya sa taki ta yi daɗi shi ne akwai wadda ta tsaya tsakaninki da wahalar. Ki tuna hannuwanta da kyau lokacin da take tsince irin nan: tafin da ya yi kanta, gaɓoɓin yatsun da suka kumbura, ƙasar da ba ta fita daga ƙarƙashin farce ko an wanke, da yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe. A idon yarinya wannan siffar kaka ce kawai, amma a gaskiya lissafin shekarun noma ne rubuce a jikinta. Ban faɗi haka don in rage miki daɗin tunawa ba. Na faɗa ne don ki ga cewa daɗin da kika ji aikinta ne, ba aikin ƙasar ba, kuma duk wanda ya sayi ƙasar ba zai same shi a ciki ba, ko da ke ce.

Tun a 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa tunawa ba ɗauko hoton da aka ajiye ba ce. Duk lokacin da mutum ya tuna abu yana sake gina shi ne, yana cike gurbi da abin da ya dace da fahimtarsa. Yaro ba ya ajiye labarin kuɗin taki ko rikicin iyaka da maƙwabci, domin ba a gabansa ake yin maganar ba. Don haka idan kawunki ya ce gonar ta zama nauyi, kada ki ɗauka ya manta uwarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta fuskar haƙƙi kuma ya kamata ki san matsayinki. A mafi yawan tsare-tsaren gado, 'ya'yan mamaci suna gaba da jikan da iyayensa ke raye, sai dai idan akwai wasiyya, saboda haka da alama maganarki ba ta da ƙofar shiga sai ta bakin mahaifiyarki. Idan kina shakka, ki tambayi lauya ko masanin dokar gado ta wurin da gonar take, ki yi hakan don sani ba don shirin ƙara ba. Ki kuma yi wannan ɗan lissafi: yau magada huɗu ne, duk sun san juna, duk uwarsu ɗaya. Idan kowannensu ya bar 'ya'ya biyar, gonar za ta koma hannun mutum 20, wasu ba su taɓa kwana a cikinta ba, kowa da bukatarsa. Sau da yawa sayarwa tun manya suna raye kuma bakinsu ɗaya ita ce ke tsare zumunci, barin fili a dunƙule kuma shi ne ke kai jikoki gaban alƙali.

To, ki ci bashi ki saya? Amsata a'a ce, muddin bashi ne. Bashi ana biyansa ne da kuɗin da ke shigowa, kuma ba ki ce mini za ki koma ki yi noma ba, ba ki kuma ambaci wanda zai noma miki ba. Gonar da ba a nomawa daji take komawa cikin 'yan damuna, iyakarta takan fara matsowa idan maƙwabta suka ga babu mai zuwa, gidan da babu kowa a ciki kuma rufinsa kan fara zuba, gara ta shiga itacensa. Ranar da kika je kika tarar da ɗakinta ya rufta, rijiya ta cika da shara, alhali wurin da sunanki yake kuma kina biyan bashinsa duk wata daga kuɗin makarantar yaranki, zafin da za ki ji zai fi na ganin wurin a hannun wani manomi yana raya shi. Idan kuwa kina da ajiyar da ba ta taɓa abincin gida da karatun yara ba, kuma maigidanki ya yarda da zuciya ɗaya, akwai hanya ta tsakiya: ki nemi a yankar miki ɗan ɓangaren da gidan da itaciyar da rijiyar suke, ki biya farashin da baƙo zai biya. Kada ki nemi rangwame da sunan ƙauna, domin rangwamen daga rabon wani zai fito, kuma za a tuna miki da shi. A auna wurin, a rubuta, a sa shaidu, a yi rajista yadda dokar wurin ta tanada, ko da kuwa tsakanin dangi ne, musamman ma da yake tsakanin dangi ne. Idan akwai kabarin wani daga cikin dangi a gonar, to wannan kam ya cancanci ki yi magana a kansa, a sa sharaɗin kiyaye shi da izinin ziyara cikin takardar ciniki.

Amma kafin duk wannan akwai gyaran da ke gabanki. Mutumin da kika gaya wa magana mai zafi uwarsa ce ta rasu. Matar da kika ce ta yi shiru ita ma uwarta ce, kuma ita ma a gonar ta tashi, ita ce kuma ta haƙura da ke kina 'yar shekara 3 ta miƙa ki. Ban san abin da ke cikin shirunta ba, ke ma ba ki sani ba, domin daga wasiƙarki ban ga inda kika tambaye ta ba. Yana iya zama tana bukatar rabonta tana jin nauyin faɗa miki, yana iya zama ba ta so a sayar amma ba ta son saɓa wa 'yan'uwanta. Ki je wurinta ki zauna ki saurara, ba tare da neman ta shiga ɓangarenki ba. Daga nan ki nemi kawunki, da ƙafarki idan zai yiwu, ki ce masa: "Kawu, na yi maka magana yadda bai kamata ba, ka yafe mini." Ki tsaya a nan, kada ki ƙara kalmar amma, domin duk abin da ya biyo bayanta zai goge abin da ya gabace ta. Za ki iya bayyana masa damuwarki a wani zama na daban, kuma zai fi jin ki a lokacin.

Na nace a kan wannan ne saboda shi ne mabuɗin abin da kika ce ya fi tsorata ki, wato muryarta. Dusashewar murya a tunani abu ne da masu rashi da yawa suke kuka da shi, kuma ba ya nufin ƙauna ta ragu. A da masana sun ɗauka, bisa ga abin da Sigmund Freud ya rubuta a 1917, cewa aikin mai makoki shi ne ya cire zuciyarsa daga mamacin. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka tattara bincike da ya nuna cewa mutane masu lafiya sukan ci gaba da riƙe alaƙa da wanda suka rasa, su tuna maganarsa, su auna shawara da abin da zai ce, kuma wannan ba ciwo ba ne. Saboda haka son riƙe muryarta ba abin kunya ba ne, sai dai yana bukatar aiki, kuma aikin na gaggawa ne.

Ki fara da wayoyin dangi. Mai yiwuwa ne akwai saƙon murya da wani jika ya sa ta yi, ko bidiyon wani taro da aka ɗauke ta tana magana a gefe ba tare da an lura ba. Irin waɗannan sukan ɓace ne ranar da waya ta faɗi a ruwa ko aka canza ta, don haka ki tambaya yanzu, kuma duk abin da kika samu ki ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, ki tura wa wasu ma su ajiye. Idan ba a samu ko ɗaya ba, ki rubuta kalmominta yadda take faɗinsu ba tare da gyara ba: yadda take kiranki idan ranta ya ɓaci, abin da take cewa idan ruwa ya yi jinkiri, yadda take kiran kajinta. Sau da yawa idan kalmomin suka dawo, amon yakan biyo su.

Bayan haka sai ki nemi a ba ki rana guda a gonar kafin a miƙa ta, ki roƙi mahaifiyarki da kawunnanki su zagaya da ke, wayarki tana ɗaukar magana da izininsu. Dalilin da ya sa na ce a gonar, ba a falo ba, shi ne wuri yana buɗe tunani. A 1975 Duncan Godden da Alan Baddeley sun sa masu ninƙaya su haddace kalmomi, wasu a ƙarƙashin ruwa wasu a kan tudu, sai aka ga kowa ya fi tuna kalmomin a wurin da ya koye su. Kawun da ba zai iya ba ki labari a kan kujera ba, idan ya tsaya a bakin rijiyar zai tuna wanda ya haƙa ta da shekarar da ta ƙafe. Wannan shi ne babban amfanin da gonar take da shi a gare ki yanzu, kuma rana ɗaya ko biyu sun ishe shi, ba ya bukatar mallaka. Kada ki ce musu su ba ki labarin kaka, domin za su ce mutuniyar kirki ce mai haƙuri, su yi shiru. Ki yi ƙananan tambayoyi masu kaifi: me ke ɓata mata rai, wa ya koya mata zaɓen iri, wace shekara ce ta fi wahala kuma me ta sayar a cikinta, da wane suna ake kiranta tana budurwa, ta taɓa son barin gonar? Ki shirya jin abin da bai yi kama da kakar da kika sani ba, domin mace takan tsananta wa 'ya'yanta ta sassauta wa jikokinta, kuma wataƙila kawunki ya san wata mai zafin hannu da ke ba ki taɓa gani ba. Kada ki goge wannan ɓangaren. Mutum ce kike son riƙewa, kuma mutum yana da ɓangarori.

Akwai kuma abin da za ki iya ɗauka da hannu. Idan har irin da take ajiyewa yana nan, ki karɓi kaɗan, ki tabbatar ya bushe sarai, ki sa shi a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi da duhu. Masana adana iri suna da ƙa'idar cewa duk raguwar danshi da kashi ɗaya cikin ɗari, ko raguwar zafi da kimanin digiri 5 na ma'aunin Salshiyas, takan ninka tsawon rayuwar iri. Duk da haka iri abu ne mai rai da ke mutuwa a hankali, don haka wanda ya shekara biyu a ajiye gara a shuka shi a damina mai zuwa a sake tara sabo. Itaciyar kuwa, idan mai 'ya'ya ce, ki sani cewa ƙwallon itatuwa da yawa ba ya haifar da irin uwarsa sak. Hanyar samun ita kanta ita ce a yanki reshe a dasa, ko a aura shi a jikin wata ƙaramar itaciya, gwargwadon abin da nau'inta yake karɓa, kuma mai renon itatuwa zai gaya miki lokacin da ya dace da yankan.

'Ya'yanki su ne za su fi cin ribar wannan aiki, don haka ki tafi da su ranar. Marshall Duke da Robyn Fivush na Jami'ar Emory ta Amurka sun yi wa yara tambayoyi 20 game da tarihin danginsu, irin su inda kakanninsu suka tashi da wahalhalun da dangi suka taɓa shiga, suka kuma ga cewa yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi natsuwa da yarda da kansu. Masu binciken sun yi nuni da cewa haddace amsa ba shi ne sirrin ba, zaman da ake yi ana ba da labarin shi ne. Saboda haka ki ba su labarin shekarar fari tare da labarin inuwar itaciya, kuma ki bar kawunki ya ba da nasa da bakinsa.

Bayan an sayar kuwa, ki yi tunani sosai kafin ki koma kallon wurin. Sabon mai gona yana da ikon rushe ɗaki, ya sare itaciya, ya cike rijiya, kuma ba zai yi hakan don ya ɓata miki ba, zai yi ne don shi ma yana da iyalin da zai ciyar da tsarin da ya dace da shi. Wasu sukan ji sauƙi idan suka ga wurin yana raye a hannun wani, wasu kuwa sabon hoton yakan danne musu tsohon. Idan kin ga dole sai kin je, ki bari a shekara, ki nemi izinin mai wurin tun kafin ki taso, kuma kada ki tafi ke kaɗai.